Ya Tashi, Har Ya Yi Magana: Jinin da Ke Taruwa a Ka Bayan Haɗari

A tashar Kafin Hausa ko a bakin kasuwar Bulangu, idan ɗan acaɓa ya kife da fasinja, abin da jama'a ke fara dubawa shi ne ƙashi da jinin da ido ke gani. In an karye, a nemi mai ɗori. In goshi ya tsage, a kai shi kemis a ɗinke. In kuwa mutum ya ɗan suma ne, aka kwara masa ruwa ya farfaɗo, ya karkaɗe rigarsa ya ce babu komai, sai a yi hamdala a watse. "Allah ya tsare, ai ya tashi, har ya yi magana." Daga nan sai gida, a jiƙa masa garin ciwon kai, a ce ya kwanta ya huta.

Wasu daga cikin waɗanda ake sallama haka ba sa wayar gari. Wasu kuma sai cikin dare su fara amai, su rikice, barci mai nauyi ya ɗauke su, a yi ta girgizawa ba su amsa ba. Da safe a ce kwana ne ya ƙare. Babu mai musun ajali, amma tsakanin faɗuwar da rasuwar akwai sa'o'i da dama, kuma abin da aka yi ko aka bari a cikinsu yana da hannu a yadda lamarin ya ƙare.

Likitocin birnin Glasgow na Sikotilan sun rubuta kan irin waɗannan majinyata tun 1975: mutanen da suka yi magana bayan bugun kai, daga baya suka mutu. Abin da suka gano shi ne yawancinsu jini ne ya taru musu a cikin ƙoƙon kai, jinin da a lokuta da yawa za a iya kwashewa da an lura da wuri. Misalin da duniya ta fi ji shi ne na 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson, wadda ta faɗi tana wasan zamiya a kan ƙanƙara a Kanada cikin Maris 2009. Ta tashi tana magana, ta ce ba ta bukatar likita. Bayan kwana biyu ta rasu tana da shekara 45. Idan haka ta faru a ƙasar da asibitoci ke ko'ina, sai a auna ƙauyen da ke bayan fadama a tsakiyar damina.

Ƙoƙon kan baligi rufaffe ne, ba ya buɗewa. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashinsa. In ta tsage, jini zai riƙa taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, mutum kuwa yana tafe yana gaisawa da mutane, har lokacin da wuri ya ƙure. Haka ma ƙujewar da ƙwaƙwalwa ke yi idan ta bugi ƙashi daga ciki: ƙaramin tabo ne a sa'ar farko, amma yana iya yaɗuwa. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, kusan rabin waɗanda aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu cikin sa'a biyu da rauni, da aka sake ɗauka sai aka tarar jinin ya ƙaru.

Abin da ke yanke hukunci a nan, sau da yawa, shi ne ko jinin mutum yana daskarewa yadda ya kamata.

Mutanen Auyo da Haɗeja sun san aikin jinga. Idan kogi ya ɓalle a wuri ɗaya, matasa kan ruga da buhunan yashi su toshe. Amma in aka yi shela lokaci guda cewa ko'ina ya ɓalle, aka watsa buhunan a inda ake bukata da inda ba a bukata, kafin a ankara sun ƙare, ainihin ɓarakar kuma tana nan tana ambaliya. Kusan haka jiki ke yi bayan mummunan bugun kai. Ƙwaƙwalwa cike take da wani sinadari da ke tayar da daskarewar jini. In ta ji rauni, sinadarin yana kwarara cikin jijiyoyi, jiki ya shiga ƙera gudaje ko'ina, ya cinye kayan aikinsa. A lokaci guda kuma ɓangaren da ke narkar da gudan jini ya tashi da ƙarfi, yana rushe ɗan abin da aka toshe. Da aka haɗa bincike masu yawa wuri ɗaya a 2008, an ga kusan mutum ɗaya cikin uku masu raunin ƙwaƙwalwa yana shiga wannan matsala, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba.

Wannan ga mai lafiyayyen jini ke nan. Akwai kuma waɗanda tun kafin su faɗi jininsu ba ya tsayawa, kuma a wannan yanki ba kaɗan ba ne.

A fara da dattawa. Hawan jini ya yawaita, shanyewar ɓarin jiki ma haka, kuma tsofaffi da yawa suna shan ƙaramar ƙwayar asfirin kullum, wasu da umarnin likita, wasu saboda maƙwabci ya ce tana tsinka jini. Masu ciwon zuciya kan sha wafarin ko kilofidogirel. Ƙwaya ɗaya ta asfirin tana raunana ƙwayoyin da ke toshe rauni na kusan mako guda. Ga shi kuma ƙwaƙwalwar tsoho tana ɗan tsukewa da shekaru, jijiyoyin da ke tsakaninta da ƙoƙon kai su miƙe, ƙaramin bugu ya ishe su tsinkewa. Dattijo ya zame a bayan gida, ko ya bugi dokin ƙofa zai shiga zaure, kowa ya manta. Bayan mako uku ko wata biyu ya fara mantuwa, yana jan ƙafa, yana surutai. A ce tsufa ne, ko a ce sammu, a shiga neman rubutu da hayaƙi. Alhali tsohon jini ne ya kwanta masa a kan ƙwaƙwalwa, kuma fitar da shi yana daga cikin ayyuka mafi sauƙi ga likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Irin wannan aikin aka yi wa ɗan ƙwallo Diego Maradona a Nuwamba 2020.

Sai masu himofiliya, cutar gado da ke hana jini daskarewa, wadda ke bi ta wajen uwa ta bayyana ga 'ya'ya maza, kusan ɗaya cikin 5,000 da ake haifa. Yawancin masu ita a Najeriya ba a taɓa gwada su ba, amma gidajensu sun san labarin ko da ba su san sunan ba. Shi ne yaron da wanzami ya yi wa kaciya jini ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki, wanda kawunsa ma haka aka sha fama da shi, wanda gwiwarsa ke kumbura ba tare da wani dalili ba. Irin wannan yaro in ya faɗo daga kan amalanke ko daga reshen mangwaro, ko da babu ƙwarzane a kansa, asibiti ya kamata a nufa da shi nan take, kuma a faɗa wa likita tarihin gidan.

Hanta ita ke ƙera yawancin sinadaran daskarar da jini. Ciwon hanta nau'in B ya yi katutu a Arewa, kuma a yankin da mutane ke wuni cikin ruwa suna kamun kifi, dashen shinkafa da yankan kacalla, akwai tsutsar ruwa, dangin mai kawo tsargiya, da ke taɓa hanta ta kumbura saifa. Mai irin wannan lalura yana iya yawo yana harkokinsa, sai ranar da ya ji rauni a gane jininsa ba ya riƙewa.

Ga kuma kububuwa. Dafinta yana cinye abin da ke daskarar da jini ƙarƙaf, har dasashi da tsohon miki su riƙa tsiyaya, kuma zubar jini a ƙwaƙwalwa na daga abubuwan da ke kashe wanda ta sara. A nan ƙasar Hausa aka yi wa duniya wani babban aiki a kan wannan. A shekarun 1970, David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun nuna cewa in aka ɗebi jini kaɗan aka zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, aka bar ta minti 20 ba a taɓa ba, sannan aka karkata ta, za a gane ko jinin ya daskare ko yana nan ruwa. Har yau da wannan gwaji ake aiki a asibitin saran maciji na Kaltungo da ƙasashe masu yawa. Gwajin na saran maciji ne, ba ya maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje ga mai raunin kai. Abin ɗauka a cikinsa shi ne tunanin da ya haife shi: an dubi abin da ƙaramin asibiti ke da shi, aka gina hanyar ceton rai a kansa.

Irin wannan tunani ake bukata a kan bugun kai, domin babban asibitin ƙaramar hukuma ba a gina shi don buɗe ƙoƙon kai ba. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Najeriya duka ba su kai 200 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Daga Kafin Hausa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya haura kilomita 150. A haɗa da lokacin da za a ɓata ana neman mota, ana karo-karon kuɗin mai, ana jiran babban wa ya zo ya yanke shawara. A damina irin ta 2022, lokacin da ruwa ya rusa gidajen ƙasa a Bulangu ya kuma yanke hanyoyi a masarautar Haɗeja, katanga na faɗo wa mutane a ka a daidai lokacin da fita ta fi wuya. Duk wanda ya ce mafita ita ce a kai kowa Kano da sauri, bai taɓa ƙoƙarin fitar da majinyaci daga ƙauyen fadama da daddare ba.

Akwai wani magani mai suna tiranezamik asid. Wasu ma'aurata 'yan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, su suka samar da shi a farkon shekarun 1960, kuma aikinsa shi ne hana jiki narkar da gudan jinin da ya riga ya toshe rauni. Ba ya bukatar firji, ba shi da tsada, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2010 gwajin CRASH-2, da ya ƙunshi mutum 20,211 a ƙasashe 40, ya nuna yana rage mutuwa ga masu zubar jini bayan haɗari. A 2019 mujallar Lancet ta fitar da sakamakon CRASH-3, wanda aka yi kan bugun kai kaɗai, da mutum 12,737 a asibitoci 175 na ƙasashe 29, har da Najeriya. A cikin masu rauni matsakaici da mara tsanani da aka yi wa allurar cikin sa'a 3, kashi 5.8 cikin ɗari ne raunin ya kashe, a waɗanda ba su samu ba kuwa kashi 7.5. Kowane jinkirin minti 20 yana zaftare kusan kashi 10 cikin ɗari na amfanin maganin.

Dole a faɗi iyakarsa. Ga waɗanda raunin ya yi tsanani ƙwarai, waɗanda suka shiga doguwar suma tun a wurin, gwajin bai nuna wani amfani ba. Idan aka haɗa dukkan majinyatan wuri ɗaya bambancin ƙarami ne, kuma akwai likitocin da har yanzu ke muhawara a kai. Bayan sa'a 3 ba a ba da shi, domin a gwajin farko jinkirin ya nuna alamar cutarwa. Ba ya kwashe jinin da ya riga ya taru, ba ya gyara dafin maciji, ba ya maye gurbin sinadarin da mai himofiliya ya rasa, kuma ba abin da mai kemis zai riƙa yi wa duk wanda ya zo da ƙulu a goshi ba ne. Amma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta duba hujjojin a 2023, ta ba da shawarar a yi la'akari da allurar ga wanda hankalinsa ya ragu sosai, cikin sa'a 2, tun kafin a ɗauki hoton kai. A can, inda na'urar hoton take a kusa, an ga bai kamata a jira ta ba. Inda take da nisan sa'o'i, hujjar ta fi ƙarfi.

Abin da ya fi ci wa mai wannan rubutu rai shi ne maganin ba baƙo ba ne a Jigawa. Shi ne dai wanda ungozomomi suka sani. Gwajin WOMAN na 2017, wanda dubban matan Najeriya suka shiga, ya nuna yana rage mutuwar zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku in an yi shi da wuri, kuma a shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin ƙa'ida. Yana cikin haɗin matakan gwajin E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Jihar ta yi shekaru tana gina hanyar ceton mace mai zubar jini: shirin Haihuwa Lafiya, direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar su ɗauki mai naƙuda ko da tsakar dare, sashen haihuwa na asibitin Jahun da ƙungiyar MSF ke tallafa wa tun 2008. An koya wa ƙauyuka alamomin haɗari har da waƙa da tafi. Mijin wannan matar, da ƙanenta ɗan acaɓa, da ɗanta da ke kora shanu, su ma jini ne ke kashe su, sai dai nasu a ɓoye yake zuba. Tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin 'yan haɗari a yawancin asibitocinmu taku kaɗan ne.

Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, ya san waɗannan hanyoyi da waɗannan ƙauyuka. Abin da ake nema a wurin ma'aikatar lafiya ta Dutse bai kai kuɗin gina ɗaki ɗaya ba. A rubuta ƙa'ida mai shafi guda a manna a bangon kowane ɗakin 'yan haɗari daga Kafin Hausa zuwa Birniwa, a ajiye maganin a wurin, a cikin akwatin da ba sai an tashi mai riƙe da makullin sito ba. A koya wa ma'aikatan jinya, da ɗaliban kwalejin kimiyyar lafiya ta Jahun da za su riƙe ƙananan asibitoci gobe, ma'aunin Glasgow na 1974, wanda ke auna buɗe ido da magana da motsi daga 3 zuwa 15, ba ya bukatar wuta ko na'ura. Wanda ya sauko daga 15 zuwa 12 cikin sa'a guda ya riga ya faɗa wa nas abin da hoto zai nuna. Kuma kada a ce sai an biya kafin a taɓa shi: sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta hana mutum agajin gaggawa, dokar ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko don wannan aiki.

Tambayoyin da ya kamata a yi wa 'yan rakiya ba su da yawa, amma ba kasafai ake yinsu ba. Ƙarfe nawa ya faɗi? Baba yana shan maganin tsinka jini? An taɓa fama da shi wajen kaciya ko cire haƙori? Idonsa ya taɓa yin shawara? Me aka ba shi a hanya?

Tambayar ƙarshen ita ce ta gida, kuma a nan ne jama'a ke da nasu gyaran. Garin Alabukun da ake jiƙa wa mai ciwon kai asfirin ne mai yawa da kafin. Yana da amfaninsa, amma ba ga wanda ya bugu a ka ba. Haka ibufurofen da dikulofenak, da haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna. In dole sai an ba da wani abu, farasitamol ya wadatar. Kwara ruwan sanyi ga wanda ya suma, musamman da hunturu, yana ƙara lalata daskarewar jini, domin jiki mai sanyi jininsa ba ya kamawa da kyau, don haka a lulluɓe shi. Kada a ɗura wa wanda bai gama farfaɗowa ba madara ko lemo, yana iya shaƙewa su tafi huhu. A kwantar da shi ta gefe, a riƙe wuya kada ya lanƙwashe, a danne duk inda jini ke fita da tsumma mai tsabta, domin faɗuwar awon jini ko sau ɗaya tana ninka haɗarin mutuwa ga mai mummunan raunin ƙwaƙwalwa. Ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu kansa na reto abu ne da rashin mota ke tilastawa, kuma shi ya sa ya kamata direbobin da ke ɗaukar masu naƙuda a ba su izini da kuɗin mai su ɗauki wannan ma.

Wanda aka sallama gida kuwa, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki a daren farko. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, jijjiga, rauni a hannu ko ƙafa, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ruwa ko jini daga kunne ko hanci: kowanne ɗaya daga ciki ya isa a koma asibiti ba tare da jiran asuba ba. 'Yan dambe da iyayen gidansu, da mahaya dawakin sallah, su ma wannan ya shafe su.

Hular kwano tana rage raunin kai da kusan kashi 70 cikin ɗari. Da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta a ranar 1 ga Janairu 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano da ƙwarya da robar fenti a ka, aka yi dariya, dokar ta bi ruwa. Zafi da tsada da ƙyamar sa hular da wani ya cire duk dalilai ne na gaske, kuma kame a bakin titi bai magance ko ɗaya ba. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da ke karɓar kuɗin tikiti kullum za su iya sayo huluna da yawa su raba wa mambobinsu a biya kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake biyan kuɗin babur ɗin kansa.

Saura rajista. Kowane babban asibiti a masarautar ya buɗe littafi ɗaya na masu bugun kai: lokacin da aka ji rauni, lokacin isowa, makin Glasgow, ko an yi allurar da ƙarfe nawa, ina aka tura shi, da yadda ya ƙare. Kwafin wannan bayani ya bi majinyaci a takardar turawa, a kuma buga waya Dutse ko Kano kafin mota ta tashi, don kada a isa a tarar babu gado ko na'urar hoto ba ta aiki. Bayan shekara guda, waɗannan littattafai za su nuna ko Haɗeja ce ta fi bukatar na'urar hoton ƙwaƙwalwa mai aiki dare da rana, da ma'ajiyar jini, da likitan fiɗa da aka horar ya huda ƙoƙon kai ya saki jini kafin a kama hanyar Kano, kuma da su za a je gaban majalisar dokoki lokacin kasafin kuɗi.